Sai Bahaguwa Ta Gani

Laraba, da hantsi

Jakar na fara gani. Jiya da la'asar ina kan keken ɗinki ina kalmasa bakin wani zane, na ɗaga kai sai ga Kunne tsaye a ƙofa, jakar kyamarar ƙanwata Auta rataye a kafaɗarsa. Auta ba ta yarda kowa ya ɗaukar mata wannan jaka. Ko ni da na goya ta, in na kai hannu sai ta ce, "Yaya, ɗauki ledar can, wannan tawa ce." Bai yi sallama ba, ni ma ban tambaye shi komai ba. Ƙafata dai ta ci gaba da taka keke, allura tana ta sukar zanen mutane a wuri ɗaya har zare ya tsinke.

Kunne shi ne mai ɗaukar mata sauti tun fim ɗinta na biyu. Ita ta sa masa sunan, don kullum abin saurare yana maƙale a kansa. Jiya babu shi a kan nasa. Na ga ashe ya yi furfura.

Ina rubuta wannan a bayan littafin awon kaya. Wadda nake faɗa wa magana ita ce ba ta nan.

Alhamis, da yamma

Gida ya cika da masu ta'aziyyar Auta. Sun ce a hanyar dawowa daga wurin fasa dutse ne. Sun ce akwai kwana mai sharri a hanyar. In sun zo nan a maganar sai su rage murya, su dubi ƙofa.

Asabar, da safe

Na zuba shayi kofi biyu. Na shanye nawa, na shanye nata da ya huce.

Lahadi, bayan azahar

Mutanen da ban taɓa gani ba suna ta zuwa. Wani dattijo ɗan dako ya zauna a dokin ƙofa, ya ƙi shigowa. Ya ce saboda fim ɗin da ta yi a kansu aka gina musu rumfa a kasuwa. Wata mata ta ce a gidan yari ta haihu, Auta ce ta yi ta zarya har aka sake ta da jaririn. 'Yan jarida ma sun zo. Wata ta tambaye ni ina lambobin yabon da aka ba Auta a ƙasashen waje, tana son ta ɗauki hotonsu. Kunya ta kama ni. Ɗaya ita ce ke tokare ƙofar kicin don iska ba ta barin ta. Ɗaya kuma, mai nauyin, da ita nake danne yadi in zan yanka. Auta ce ta ba ni da hannunta, ta ce, "Ga shi nan, ya yi wani amfani a duniya."

'Yar jaridar ta ce in faɗi wace ce Auta a taƙaice. Na ce ƙanwata ce. Ta tsaya tana jira in ƙara. Ban ƙara ba.

Talata, da la'asar

An watse. Tabarmin aro duk an mayar. Ban shiga ɗakinta ba.

Alhamis, da hantsi

Lauya ta zo. Ita ce suke aiki tare da Auta a kan maganar matan da ke fasa dutse, waɗanda ƙurar wurin ke cinye wa ƙirji. Mace ce mai kirki, tun daga ƙofa take kuka. Ta ce ƙungiyarsu za ta yi taron tunawa da Auta a babban ɗakin taro nan da mako uku, za a ba ta wata lambar, kuma za a nuna fim ɗin ƙarshe. Ta ce an riga an gama haɗa shi, yardata kawai ake jira, tunda ni ce tata.

Na ce, "Matan sun gani?"

Ta ce, "Waɗanne mata, Yaya?"

"Na cikin fim ɗin."

Ta san abin da nake nufi. Duk wanda ya yi aiki da Auta ya san ba ta fitar da fim sai ta koma ta nuna wa mutanen da ke ciki, kowa ya ga kansa. In mutum ya ce a cire shi, an cire. Ta taɓa rasa wata gasa saboda haka, ta dawo gida tana dariya.

Lauya ta ce, "Ranar da abin ya faru, ai ranar nunawar ta je sa musu. Yaya, yanzu ne idon kowa ke kan maganar. In muka bari ta huce, kamfanin nan ya sha. Kuma wa zai bi hanyar nan yanzu?"

Na ce ta ba ni lokaci.

Juma'a, da safe

Ba a san inda wannan doka ta Auta ta samo asali ba, amma ni na sani.

Fim ɗinta na farko a kaina ta yi shi, tana makaranta, da kyamarar aro. Lokacin ban daɗe da dawowa daga gidan mijina ba. Ta yi ta bi na, ina ɗinki, ina wanki, ina faɗa da mai gyaran keke. Wata rana ta tambaye ni wani abu, na yi kuka irin wanda ba a son a gani. Da ta gama haɗawa ta zaunar da ni ta kunna mini. Da muka zo wurin kukan na ce, "Auta, wannan ba na mutane ba ne." Ta ce malaminsu ya ce nan ne fim ɗin yake, in babu shi babu komai. Na ce to. Na tashi na shiga kicin.

Washegari ta cire. Makin da aka ba ta bai yi kyau ba. Ta shigo tana kaɗa takardar tana cewa, "Hajiyar keke, kin ja mini faɗuwa, sai ki ɗinka mini riga kyauta." Na ɗinka mata. Shuɗiya ce, mai aljihu biyu don batir.

Lahadi

Ruwa aka yini ana yi. Ba wanda ya zo.

Litinin, da yamma

Kunne ya zo ya kawo mini wani abu a waya. Ya ce in sa abin saurarensa. Na sa, ban ji komai ba. Na ce ya lalace. Ya ce, "Saurara dai, Yaya."

Sai na tuna. Duk inda Auta ta gama hira da mutum, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Kowa ya tsaya cak, za mu ɗauki shirun wurin." Wai kowane wuri da irin shirunsa, kuma da shi suke cike giɓi in sun yanka magana, don kada kunne ya ji an yanka. Na sha yi mata tsiya, ina cewa a duniya ban taɓa ganin wanda ake biya ya ɗauki babu ba sai ku.

Shirun ɗakin nan ne, na bara, ranar da suka gwada sabuwar na'ura. Da na natsu na ji fankarmu mai ƙara. Na ji famfon da ke ɗiga. Can kuma na ji wani yana danne dariya ta hanci. Ita ce. Ni ce na yi mata gwalo a lokacin.

Na ce ya sake kunnawa. Ya sake. Bai gaji ba.

Da zai tafi ya tsaya yana sa takalmi, bayansa gare ni, ya ce, "Ranar nan, ita ta miƙo mini jakar da hannunta. Ta ce in bi motar haya in riga ta, ita za ta taho daga baya. Shekara nawa muna tare, ba ta taɓa ba ni ita ba."

Ba zan rubuta abin da na yi tunani ba.

Laraba, da safe

Na kira Kunne na ce ya caja kwamfutar Auta, za mu je wurin matan. Ya ce, "Yaya, kin san hanyar kuwa?" Na ce shi ya sa na kira shi.

Asabar, da magariba

Mun je mun dawo.

A mota na rufe ido tun da muka bar kwalta. Ban so in san wace kwanar ce ba. Amma na ji inda direba ya rage gudu, na ji fasinja sun daina hira.

Wurin fari fat yake, har ganyen bishiya. Kowace mace da tarin dutsenta da gudumarta, suna zaune a ƙasa ƙafa a miƙe, tifofi suna wucewa ta bayansu. Kafin ka ga mutum sai ka ji tarinsa. Da suka ga Kunne suka ajiye guduma. Wata doguwa, Doguwa ma suke kiranta, ta dube ni ta ce, "Wannan goshin na Mai Hoto ne." Haka suke kiran Auta. Sai ta rungume ni, rigata ta yi fari.

A wata rumfar kwano muka kunna, aka rataya zane don tare haske. Na zaci kuka za a yi. Da Doguwa ta fito a fim sai wuri ya kaure.

"Wayyo ni! Wannan ɗankwalin na ɗaura? Me ya sa ba wadda ta faɗa mini?"

"Mun faɗa miki, kika ce shi ake yayi."

"Ke Maman 'Yan Biyu, rufe mana baki, ga ki can kina tafiya kamar tifa ta yi lodi."

Wata tsohuwa da suke ce wa Iya ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin kwamfutar, ta ce, "Ashe haka na tsufa, kuka bar ni ina ta yanga?"

Suka yi dariya har ta koma tari. Da aka zo inda ake jin muryar Auta tana tambaya daga bayan kyamara, kowa ya yi tsit. Na fita waje na ɗan tsaya.

Da aka gama Kunne ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, yadda Auta take yi. Doguwa ta ce a bar nata duka, har ɗankwalin. Iya ta ce ita me ya rage mata da za ta ɓoye. Maman 'Yan Biyu ta ce duk abin da ta faɗa a kan kamfani a bar shi, amma akwai inda 'yarta ta gifta da yagaggen siket, a cire, yarinyar tana makaranta, kada a yi mata dariya. Kunne ya ce an cire.

Saura mutum ɗaya. Bahaguwa. Ita ce ta fi kowa magana a fim ɗin. Mijinta tarin ne ya kashe shi. Ita ce ta kalli kyamara ta faɗi wanda yake raba musu takunkumi ranar da masu duba aiki za su zo, ya bi ya karɓe da zarar sun tafi. Ɗanta kuma direban tifa ne a kamfanin.

Na ce, "Ina take?"

Doguwa ta ce, "Ta je wurin 'yar'uwarta."

"A ina?"

"'Yan'uwan nata da yawa."

"Yaushe ta tafi?"

Iya ce ta ce, tana kallon ƙasa, "Washegarin ranar da abin ya faru."

Sun nuna mini wurin zamanta. Tarin dutsenta yana nan yadda ta bar shi, ba wadda ta taɓa ko tsakuwa ɗaya.

Lahadi, da hantsi

Jikina duk ciwo. Na wanke rigar, ruwan ya yi kamar an dama alli.

Talata, bayan la'asar

Lauya da Kunne sun zo tare. Na faɗa mata yadda muka yi.

Ta ce, "Yaya, ki saurare ni don Allah. In aka cire Bahaguwa, me ya rage? Ƙura da tari. Kowa zai ce Allah sarki, ya tafi gida. Ita kaɗai ce ta faɗi wanda ya yi. Kuma ba dole aka yi mata ba, da bakinta ta faɗa."

Na ce, "Ni ma da idona na yi kukan."

Ba ta gane ba, ban kuma yi mata bayani ba.

Ta ce a dusashe fuskarta, a sauya muryar. Kunne ya ce ya riga ya gwada. Ya ce duk wurin ita kaɗai ke riƙe guduma da hagu, kuma labarin mijin nata kowa ya san na wace ce.

Lauya ta cire gilashinta ta ce, "Mata nawa ne za su ci gaba da shaƙar ƙurar nan saboda mun tsaya jiran mutum ɗaya? Kin ga Iya. Kina ganin za ta kai baɗi? Auta ranta ta sa a wannan aikin."

Wannan maganar ta shige ni. Ba ƙarya ta yi ba. Na ji tarin Iya da kunnena.

Na ce, "Ban san abin da Auta za ta yi ba. Na san dai abin da ta saba yi. In Bahaguwa ta gani ta ce a saka, ni da kaina zan kawo miki. Kafin nan ban yarda ba."

Ta tashi. A ƙofa ta ce, "Allah ya sa kin yi daidai." Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ta yi faɗan ma da ya fi mini sauƙi.

Laraba

Auta, ke da kika bar ni da wannan, kin kyauta?

Juma'a, da yamma

Mun sami lambar ɗan Bahaguwa ta hannun Doguwa. Na kira. Ya ɗauka, ana jin ƙarar inji. Na ce ni ce yayar Mai Hoto. Ya ce, "Mama, kin yi kuskuren lamba." Kafin ya kashe ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri."

Asabar, da safe

Kunne ya tambaye ni yadda za a yi da giɓin. Ya ce mai haɗa fim za ta iya jone shi sumul, ba wanda zai san an cire wani abu. Na tambaye shi ko Auta ta ɗauki shirun wurin Bahaguwa. Ya ce ta ɗauka, ba ta taɓa mantawa. Na ce to a sa shi a wurin, kada a jone. A bar mata wurinta kamar yadda matan suka bar mata dutsenta.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce zai faɗa wa mai haɗa fim ɗin.

Mai zanen da na bari a kan keke ta aiko a karɓa. Na ce a ba ta haƙuri.

Litinin

Shayi kofi ɗaya na zuba yau. Ban ji daɗin hakan ba.

Alhamis, da magariba

An yi taron.

Sun zaunar da ni a gaba, kujerar kusa da ni babu kowa. An yi jawabai. Wani ya ce Auta murya ce ta marasa murya. Na tuna yadda take tsanar wannan magana. Takan ce, "Suna da muryarsu, har ta fi tawa, kunne ne babu." An kira ni na karɓi lambar a cikin akwati mai laushi. Nauyinta zai yi daidai da danne yadi.

Sai aka kashe fitila. Na ga Doguwa da ɗankwalinta, girmanta ya kai bango. Mutane sun yi dariya inda matan suka yi dariya. Da aka zo wurin Bahaguwa allo ya yi baƙi. Rubutu ya fito, gajere, cewa akwai wadda ta yi magana a nan, ba a samu an nuna mata ba tukuna. Daga nan sai shirun.

Ana jin iska tana kaɗa kwano. Ana jin guduma can nesa, da wata tana tari. Mutane suka fara motsi a kujera, wani a bayana ya ce ko na'urar ce ta tsaya. Ni kuwa ina jin abin da ba su ji ba. Kusa da makirufo akwai numfashi, a hankali, irin na wanda ya tsaya cak yana riƙe da kyamara. Na san numfashin nan tun yana bayana a goye.

Da aka kunna fitila an tafa, amma ba sosai ba. Lauya ta gaishe ni daga nesa. Kunne ya rako ni har bakin mota, ya riƙe mini akwatin.

Asabar, da hantsi

Maƙwabciyata ta karanto mini a waya. Wata jarida ta ce fim ne mai kyau amma an cire masa haƙori. Kamfanin ya ce bai ga inda aka ambace shi da laifi ba. Lauya ba ta kira ba.

Doguwa ta kira. Ta ce Iya tana kwance. Ta ce in ana maganar waccan, wato Bahaguwa, an ce lafiyarta ƙalau, ɗanta ma yana kan aikinsa. Na ce ki faɗa wa mai faɗa mata, duk ranar da ta shirya, ko ina ne, zan zo da kwamfutar, ita kaɗai za ta kalla. Ta ce za ta faɗa wa iska, in ta kai shi ke nan.

Ban san ko na yi daidai ba. Ina jin ba zan taɓa sani ba.

Lahadi, da la'asar

Na shiga ɗakinta. Ban taɓa komai ba. Shuɗiyar rigar tana cikin kayanta, ta koɗe, akwai mataccen batir a aljihu. Na zauna a bakin gado na tsaya cak, na saurari ɗakin.

Kunne ya koya mini yadda ake kunna kwamfutar da inda zan danna. Kullum da safe ina caja ta in mayar cikin jaka. Jakar tana rataye a bayan ƙofa, yanzu ni nake ɗaukarta.

Zanen mutane yana kan keke da zarensa a tsinke. Lambar tana cikin akwatinta. Ban share ɗakin Auta ba. Bahaguwa ba ta ga fim ɗin ba tukuna.